Abokina na Bauchi da Littafin Kuza

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, wadda na dawo daga kasuwar Farin Gada rungume da kabeji da karas, na tarar da takalman baƙi a jere a ƙofar falona. Shekara ta zagayo, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko a gaban allo nake sai na ɗan tsaya na share fuska. Bari dai in faro muku daga tushe, don ku ga yadda mutum da hankalinsa, malamin makaranta, uban 'ya'ya, yake jefa kansa a rami da babban yatsansa.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare mai zaman kanta a nan Jos, gidana kuma yana unguwar Congo-Russia. Ina son littattafai. (Ku lura da kyau, littattafai na ce, ban ce karatu ba. Akwai bambanci, kuma matata Hajara ce ta fara gano shi.) Ina son ƙamshinsu, ina son a gan ni da ɗaya a hammata, ina son in jefa sunan wani marubuci a tsakiyar hira in ga an ɗaga gira. Karatun kansa ina taɓawa, sai dai barci yakan riga ni isa babi na uku.

Muna da wata 'yar ƙungiya ta masu karatu, mukan haɗu ƙarshen wata ranar Asabar da yamma, domin Juma'a ta wasunmu ce, Lahadi ta wasunmu ce, Asabar ce ba ta taka kowa ba. Akwai malamai a cikinmu, akwai tela, akwai 'yan fansho da ɗalibai. Sakatariyarmu Chundung nas ce, irin mutanen nan da in sun ce ƙarfe huɗu, to ƙarfe huɗun suke nufi.

Mun daɗe muna amfani da wata babbar manhaja ta ƙasar waje wajen ajiye sunayen abin da muke karantawa. Kantoci uku gare ta: na wanda ka gama, na wanda kake ciki, da na wanda kake son karantawa wata rana. Biyun farko nawa ramammu ne. Ta ukun ce ta yi ƙiba. Duk littafin da na ji an yaba a rediyo, duk wanda bangonsa ya burge ni, duk wanda na ga an ambata a ƙasan shafin wani, sai in danna masa "wata rana". Dannawar ba ta da wuya, kuma tana sa mutum ya ji kamar ya riga ya karanta rabi. Shekara da shekaru ina wannan tari.

Wata Asabar sai Chundung ta miƙe ta ce, "Jama'a, wannan app ɗin ya ishe ni. Ka buɗe, talla. Ka nemi littafin da aka buga a Zariya, ya ce maka babu shi a duniya. Akwai wani da yaranmu na nan suka haɗa, waɗanda suka gama jami'a a Naraguta. Let's try it, in bai yi ba mu koma."

Sabuwar manhajar ba ta da wani kwalliya, ba mai talla a ciki, ba mai tura maka abin da yake son sayarwa. Nan take muka raɗa mata suna 'yar gida. Abin da ya ja ra'ayinmu shi ne an yi ta ne don garin da kantin littattafai ba shi da yawa. Ban da kantar abin da ka karanta, tana da wata da ake kira "Ina da shi", da wani allo da ake kira "Ana nema". In kana neman littafi sai ka liƙa sunansa a allon, kowa ya gani. Da zarar wani ya sa littafin a kantarsa ta "Ina da shi", sai manhajar ta haɗa ku, ta sauke cigiyarka daga allo tunda an samu. Ku riƙe wannan na ƙarshen, shi ne ya kashe ni.

Chundung ta ce duk wanda bai gane yadda ake kwaso tsofaffin kantoci zuwa sabuwar manhajar ba, ya kawo wayarsa ta yi masa. Dattawa suka yi layi. Da ta miƙo hannu wajena sai na yi murmushi na ce, "Haba Sista, ni da nake koya wa yara karanta taswira?"

A cikin keke na yi aikin, kan hanyar gida, muna faɗawa ramuka muna fitowa. Manhajar ta jefo mini wata doguwar tambaya mai layi uku. Ɗan ƙungiyar masu karatu ne ni, amma ban karanta ba. Na ga maɓalli kore na ga ja, na danna kore, na mai da wayar aljihu ina jin kaina.

Washegari na tashi na tarar guruf ɗinmu na waya ya cika. Tela ya rubuta, "Ashe laburare gare mu a Congo-Russia ba mu sani ba!" Wata ɗaliba ta ce, "Sir, duk waɗannan a gidanka suke?" Wani dattijo ɗan fansho ya ce shi dama ya daɗe yana zargin akwai abin da nake ɓoyewa, daga yau sunana Farfesa. Na buɗe manhajar da sauri. Tarin "wata rana" ɗin nan nawa gaba ɗaya, na shekara da shekaru, ga shi zaune daram a kantar "Ina da shi".

Na gane kuskuren nan take, kuma gyaransa ba zai ɗauke ni tsawon shan shayi ba. Har na ɗora yatsa. Sai wani saƙon ya shigo: "Farfesa, Allah ya ƙara ilimi." Na amsa da amin. Na ce a raina, bari in bar shi zuwa yamma, kada a ga kamar na gwale mutane. Yamma ta yi na ce gobe. Gaskiyar magana, sunan ya yi mini daɗi. Ba a taɓa kirana Farfesa ba, sai dai ɗalibai in suna tsokana ta bayan taga.

Ba a jima ba masu aro suka fara ɓullowa, ni kuma na samo musu magani. Duk wanda ya nemi littafi sai in ce, "Kash, yana hannun wani." A cikin masu karatu na garin nan, wannan magana ba a ja da ita. Kowannenmu yana da littafin da ya ba da aro bai sake ganinsa ba, saboda haka ba mai tambaya hannun wa, ba mai tambaya yaushe. Sai ma a taya ka jaje, a zagi masu riƙe kayan mutane, a rabu lafiya. Abin har ya ƙara mini daraja, aka ce Farfesa hannunsa a buɗe yake.

Ana haka wata rana ina ofishin malamai Chundung ta kira ni. Muryarta ba irin ta sakatariya ba ce.

"Malam, please, da gaske kana da littafin nan na ma'aikatan kuza? Tsohon nan da wani Bature ya rubuta, mai hotuna?"

Na tuna shi sama-sama. Na taɓa ganin an ambace shi a wata takarda lokacin da nake shirya darasi kan tsofaffin ramukan kuza na Naraguta, na danna masa "wata rana" na manta.

Ta ce, "Babana yana nemansa tun ba a haife ni ba. Ni na sa masa a allo. Yau na duba na ga an sauke, wai an samu a wajenka. Malam, har na yi kuka a wurin aiki."

Sai ta ba ni labari. Kakanta lebura ne a ramin kuza, ya rasu babanta yana goye. Babanta bai san fuskar mahaifinsa ba, ba hoto ko ɗaya a gidan. Amma yayarsa, wadda take da wayo a lokacin, ta tuna ranar da mahaifinsu ya dawo yana ba da labarin wani Bature ya jera su a bakin rami ya ɗauke su hoto. Bayan shekaru wani abokin aikin babanta ya ce ya taɓa ganin littafi mai hoton leburorin wannan sansanin. Tun daga nan dattijon yake cigiya.

To ga inda ya kamata in ce, "Sista, yi haƙuri, kuskure ne, ba ni da shi." Wallahi maganar ta zo har bakina. Amma bakin ya riga ya saba da wata hanyar, sai na ji ina cewa, "Ai kuwa akwai shi, sai dai yana hannun wani abokina a Bauchi."

(Kada ku tambaye ni me ya kawo Bauchi. Ina jin kaina ne ya yi lissafi da sauri: tana kusa yadda za a yarda, tana da nisa yadda ba za a ce tashi mu je mu karɓo ba.)

Kwana kaɗan sai ga kira daga baƙuwar lamba. Murya ce mai nauyi, a tsare, kowace kalma da wurin zamanta.

"Good morning, my son. Sunana Gyang, ni ne baban Chundung. Tsohon hedimasta ne ni, saboda haka ni da kai aikinmu ɗaya. Na kira in ce na gode."

Na tashi tsaye da wayar a kunne, kamar yana ganina. Na ce, "Ba komai Baba, ai yi wa kai ne."

Daga nan Baba Gyang ya riƙa kirana lokaci-lokaci. Bai taɓa matsa mini ba, kuma wannan ne ya fi ciwo. Zai tambayi iyali, ya tambayi makaranta, ya tambayi ko yaran yanzu suna iya zana taswirar jiharsu, sai can a ƙarshe ya ce, "Yaya abokinmu na Bauchi?"

Abokin nan nawa kuwa ya sha wahala a hannuna. Da farko na tura shi kwas Gombe. Da ya dawo, na sa rufin ɗakinsa ya yi yoyo, dole ya kwashe littattafai ya zuba a kwalaye, bai san wane kwali ba ne. Baba ya ce Allah ya kyauta, shi ma ruwa ya taɓa yi masa ɓarna. Da kwalaye suka ƙare mini, sai na ce matarsa ta haihu, gidan ba masaka tsinke.

"Praise God!" in ji Baba. "Namiji ko mace?"

Na ce namiji.

"Mai jego fa, lafiya?"

Na ce lafiya ƙalau, har ta fara cin tuwo.

Kada ku ɗauka a zaune nake. Duk ranar da na tashi aiki sai in bi masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi wajen kasuwar Terminus, in tsuguna in yi ta tono har hannuna ya yi baƙi. Na leƙa laburare, na tambayi tsofaffin malamai a kaikaice. Kowa sai ya ce ya taɓa jin labarinsa. Wani ma ya ce, "Ai an ce akwai wani Farfesa a Congo-Russia da yake da shi." Na ce masa zan bincika.

Hanya mafi sauƙi tana aljihuna, na sani. In na cire littafin daga kantata, cigiyar Baba za ta koma allo, duk garin ya gani. Amma kowa zai ga Farfesa ya janye, daga nan a fara tambaya, daga tambaya sai sauran tarin ya rushe. Saboda haka dattijo yana can yana jiran fuskar ubansa, ba mai taya shi nema tunda kowa ya ɗauka an samu, ni kuma ina nan ina gadin sunan da ba nawa ba. Na san haka sarai, kuma abin yana damuna. Damuwar dai ba ta kai ta sa ni gyarawa ba.

Ranar da na ƙarasa kaina, Baba ya kira, muryarsa ta ɗan yi sanyi. Ya ce, "My son, ba takura ba ne. Yayata ce ta tsufa sosai, ita kaɗai ce za ta iya nuna shi a hoton. Ni ko na gani ban san wanda zan duba ba."

Tausayi ya kama ni, kuma maimakon tausayin ya sa ni faɗin gaskiya, sai ya sa na ce, "Baba, Asabar mai zuwa zai kawo, in sha Allahu."

Allah ya yafe mini, irin "in sha Allahu" ɗin nan ne da muke yi wa tela da mai gyaran rediyo, suke yi mana, wanda kowa ya san ma'anarsa a bar maganar tukuna. Na manta da wanda nake magana. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kaɗa ƙararrawa, in ka ce masa Asabar, Asabar ya ji.

Asabar da safe na tura wa Chundung saƙo cewa motar abokina ta lalace a hanya, sai wani satin. Sannan na ce wa Hajara ta kawo jaka, yau ni zan je cefane. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Abban Hanifa, lafiya kuwa?" Na ce motsa jiki nake so. Na sa wayata a shiru na nufi Farin Gada. Ban taɓa taya kabeji da natsuwa irin ta ranar ba. Na zaga layin masu tumatir, na tsaya kallon masu lodin dankali a mota, na yi hira da mai karas kan damina. Da rana ta ɗaga na ce ai ko ma mene ne ya wuce, na kamo hanyar gida.

Takalma ƙafa uku na gani a ƙofa: na maza baƙi da aka goge yana ƙyalli, na mata irin na asibiti, da wasu silifa ƙanana da jar ƙasa a jikinsu. Na yi tunanin juyawa, sai labule ya ɗaga, Hajara ta ce, "Yauwa, ga shi nan. Tun ɗazu nake kiranka. Ka yi manyan baƙi."

Baba Gyang yana zaune a kujerata cikin kwat da nektai, da tabarau a aljihun gaba. Chundung tana gefensa. A kan tabarma kuma, don ta ce kujera tana sa mata ciwon baya, wata tsohuwa ce 'yar ƙarama cikin rigar sanyi, ta miƙe ƙafafu, tana shan kunun gyaɗar da Hajara ta dama. A jikin bango ga ɗan buhun dankali da suka kawo mini na godiya.

Na durƙusa na gaishe su, kabeji yana hannuna har lokacin. Baba ya ce, "Wannan ita ce Ngo, yayata. Jiya na aika aka ɗauko ta daga ƙauye, can bayan Barkin Ladi. Ba ta son mota, amai take yi, amma ta ce wannan tafiya dole ne."

Na dubi Chundung na ce a hankali, "Sista, ba ki ga saƙona ba?" Ta ce wayarta tana jaka tun safe, tana fama da Ngo.

Ina shirin sake kashe motar abokina a karo na biyu, sai Baba ya jawo wata leda daga gefen kujera ya miƙa wa Hajara da hannu biyu. Ya ce, "'Yata, ga wannan, ba yawa. Sabulu ne da 'yar riga. A ba abokin maigida ya kai wa mai jego, barkarmu ce."

Hajara ta karɓa da ladabi, ta leƙa ledar, ta ɗago. "Baba, wace mai jegon?"

"Matar abokinsa na Bauchi, wanda littafin yake hannunsa."

Ta juyo ta dube ni. Babu fushi a fuskarta, ko kaɗan, mamaki ne tsantsa, kuma da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Abban Hanifa, wa ka sani a Bauchi? Kai da ko Toro da ke nan kan hanya ba ka taɓa wucewa ba?"

Na ga idon Chundung ya tashi daga kaina ya koma kan ɗan katakon da ke saman talabijin, inda duk littattafan gidan suke: na koyarwa, ƙamus guda, 'yan labarai da ba su cika hannu biyu ba, da na girke-girken Hajara. Ta tambaya a hankali, "Madam, sauran books ɗin suna wani ɗaki ne?" Hajara ta ce, "Wane saura?"

Sai Ngo ta juyo wajena. Ba ta bi zancen ba, kunnenta ya yi nauyi. Ta ajiye kofi, ta goge hannuwanta sosai a zani, ta miƙo mini su biyu a buɗe. Ta ce, "Yaro na, kawo takarda ɗin. Hannu na ya bushe, ba zan ɓata shi ba."

Na sha jin mutane suna cewa sun so ƙasa ta tsage su shige. Ni ban ma samu ƙarfin so ba. Na ajiye kabejin a ƙasa, na zauna dirshan a gabanta, na faɗi komai. Na faɗi keke da kore da ja, na faɗi Farfesa, na faɗi cewa littafin nan ko bangonsa ban taɓa gani ba. Da na zo kan abokin Bauchi na ce babu shi, babu matarsa, babu jariri.

Chundung ta sunkuya ta fassara wa Ngo da yarensu. Tsohuwar ta daɗe tana kallona, sannan ta janye hannuwanta ta ɗora a cinya.

Baba Gyang ya gyara nektai. Na jira faɗan hedimasta, har ina fatansa. Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "My son, ai babu ba zagi ba ne. Da ka ce babu tun farko, da mun ci gaba da nema."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Chundung ce ta miƙo hannu, irin miƙowar da ta yi mini ranar farko na ƙi. Wannan karon na ba ta wayar ba musu. A gabana, a gaban matata, ta kwashe tarin nan kaf ta mai da shi inda ya dace. Laburaren Congo-Russia ya rushe kafin kunu ya huce, cigiyar Baba kuma ta koma allo.

Da za su tafi na ɗauko buhun dankalin zan mayar musu mota, Baba ya ce a'a, kyauta ba ta komawa. Ledar barka ma ya ce Hajara ta riƙe, ba za a rasa mai haihuwa a unguwa ba. Sai da ni da Hajara muka raka su bakin titi Ngo ta yi magana. Ta ce wa Hajara, "Kunu naki ya yi daɗi." Ni ko kallo ban samu ba.

Hajara ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai riƙa soya dankalin nan kullum da safe tana ajiye mini har buhun ya ƙare. Ban taɓa cin abinci mai wuyar haɗiya irinsa ba. A guruf kuwa na rubuta bayani da kaina. Tela ya amsa da cewa, "Allah ya jiƙan laburare." Ɗan fanshon da ya naɗa ni ya ce ya karɓe rawaninsa.

Abin da ya ƙara mini kunya shi ne ba a yi sati biyu ba aka samu littafin. Wata dattijuwa ce a Bukuru, mijinta marigayi ya yi akawu a kamfanin kuza, littafin yana cikin akwatinsa. Ta ce tun farko ta ga cigiyar, har ta sa a ranta za ta buɗe akwatin, sai ta ga an sauke wai Farfesa yana da shi, ta ce to ai shi ke nan.

Ngo ta ce ba za ta sake shiga mota ba ko littafin zinare ne. Saboda haka na roƙi Baba ya bar ni in karɓo littafin mu kai mata ƙauyen tare, ya ce to. Na rungume littafin a cikin leda biyu tun daga Bukuru, ban yarda ko direba ya taɓa ba.

Mun same ta a tsakar gida tana shan hantsi. Ta sake goge hannu a zani, ta karɓa. Baba ya buɗe mata shafin. Hoto ne baƙi da fari, ya yi ja-ja don tsufa: maza a jere a bakin wani ƙaton rami, kowa da kwanon ɗaukar ƙasa a ka, wani Bature da malafa a gaba. Ta kawo shi dab da idonta, ta ɗora yatsa ta fara bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya. "Ba shi ba. Ba shi ba. Wannan maƙwabci namu ne, mai faɗa. Ba shi ba." Ta gama layin gaba, ta gama na tsakiya. Na ce a raina shi ke nan, bayan duk wannan ashe ma ba ya ciki.

Sai yatsan ya tsaya a can ƙarshen hoton, inda takarda ta yanke wani mutum. Rabin kansa ne kawai ya fito, da kafaɗa, da hannu ɗaya riƙe da bakin kwano. Ta yi wata 'yar dariya.

"Ga shi nan. Baba ne. Kullum haka yake, ba ya son shiga gaba." Ta jawo hannun ƙanenta. "Gyang, duba kunne. Kunne naka ne."

Baba ya ciro tabarau ya goge, ya sa, ya sunkuya. Ya daɗe a haka. Can na ga hannunsa ya tashi a hankali ya shafa kunnensa. Na kau da kai na shiga kallon awaki, don hawaye sun cika mini ido kuma ban ga ina da hurumin yin kuka a wurin ba.

Muka kamo hanyar dawowa. Ni dai abu ɗaya nake juyawa a raina: matar nan ta tsufa ƙwarai, kuma watanni na cinye mata. Da ta kwanta dama a cikin watannin nan, da littafin zai zo, Baba ya buɗe, ya yi ta kallon fuskokin tsakiya har ƙarshen ransa, ba mai ce masa ya duba gefe. Allah ne kawai ya rufa mini asiri, ba wayona ba.

Yanzu kantata a 'yar gida ba ta da abin nunawa, amma duk abin da ke cikinta in ka ƙwanƙwasa ƙofata zan miƙo maka. Darasin da na koya kuwa ba mai zurfi ba ne, ko ɗan aji ɗaya ya sani: in ba ka da abu, ka ce babu tun mai tambaya bai rufe baki ba. Kunyarta ba ta wuce ta minti ɗaya. In ka ce bari ka ajiye ta zuwa yamma, girma za ta yi ta yi a bayan idonka, har ta tafi wani gari ta yi aure ta haihu, dattawa su zo maka barka.